Wane injin zarto zan fara da shi?

Tambaya: Malam, sabon shiga ne ni a kafinta. Ina son ƙaramin injin zarto mai yanka zane a falanki, amma aljihuna ba nauyi. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, mai inci 16 (tazara daga ruwan zarto zuwa bayan injin) ya ishe ka. Kafin ka biya, sa a kunna shi, ka ɗora ƙwandala a teburinsa. In ta kama rawa har ta faɗi, bar musu kayansu. Nemi wanda ake rage wa gudu, mai karɓar siririn ruwan zarto marar ƙusa a kai, shi ke shiga ƙaramin ramin da aka huda a falanki. In na hannu ne daga Amurka, kula: ƙarfin wutarsu volt 120 ne, namu 230. Haka na ƙona nawa na farko, har yau abin na min ciwo. Ruwan zarto kuwa, sayi da yawa, sabon hannu karya su yake yi.