Shin gilasan tsohuwar kyamarata za su hau kyamara marar madubi?

Tambaya: Na daɗe ina aiki da kyamarar Canon mai madubi, kuma ina da gilasai uku: 50mm da 70-200mm na EF, sai 18-55mm na EF-S wanda ya zo tare da kyamarar. Yanzu ina so in koma marar madubi. Wani ya ce dole in sayar da gilasan duka, wani kuma ya ce adafta ta isa, ko da Sony na saya. Wanne ne daidai?

Amsa: Maganar mutum na biyu ta fi kusa da gaskiya, amma batun Sony yana da sharaɗi, kuma gilashinka na EF-S ma yana da nasa hukuncin daban.

Mazaunin gilashi ya wuce zoben ƙarfen da ake gani a gaban kyamara. Abubuwa uku ne a haɗe: siffar haƙoran da gilashi ke maƙalewa a ciki, da tazarar da ke tsakanin bakin mazaunin da sensa, wato farantin da ke kama haske, da kuma ƙananan maɓallan lantarki da kyamara ke aika wa gilashi umarni ta cikinsu. Na biyun shi ne yake yanke hukunci a kan abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba. A kyamara mai madubi dole a bar fili domin madubin ya ɗaga ya sauka, shi ya sa tazarar take da tsawo: milimita 44 a mazaunin EF na Canon, 46.5 a F na Nikon. Da aka cire madubin sai bakin ya matso kusa da sensa, ya zama milimita 20 a RF na Canon da kuma mazaunin L na Leica, 19.25 a Micro Four Thirds na Olympus da Panasonic, 18 a E na Sony, 17.7 a X na Fujifilm, da 16 a Z na Nikon.

Kowane gilashi an ƙera shi ne domin ya sauke hoto tas a daidai tazarar mazauninsa. Saboda haka, idan ana son gilashin EF ya yi aiki a kan RF, abin da ake bukata kawai shi ne bututu mai tsawon milimita 24 da zai cike giɓin, ko kuma 26 idan a kan Sony ne. Irin wannan adafta ba ta da gilashi ko ɗaya a cikinta, don haka ba ta rage kaifin hoto, ba ta kuma cin haske. Amma hanyar ba ta komawa baya, domin ana iya ƙara tazara, ba a iya rage ta: gilashin RF ba zai yi amfani a tsohuwar kyamararka ba, kuma wannan dalilin ne ya hana gilasan EF-M, wato na tsohon mazaunin marar madubi na Canon, masu tazarar 18, hawa kyamarorin RF duk da cewa kamfani ɗaya ne ya yi su. A ɗaya ɓangaren, gajartar mazaunin Z ta sa wasu kamfanoni suka ƙera adafta mai kaurin milimita 2 kacal da ke ɗora gilasan Sony a kan Nikon.

Sai batun lantarki, wanda a nan ne Canon da Sony suka bambanta a gare ka. Tun da aka fito da EF a 1987, komai nasa da lantarki yake tafiya: injin fokas yana cikin gilashin, ƙofar haske ma da umarnin kyamara take buɗewa da tsukewa. Wanda ya sayi adafta ta ƙarfe zalla, marar maɓallan lantarki, zai tarar gilashin ba ya yin fokas da kansa, kuma ba shi da ikon sauya ƙofar haske. Adaftar Canon mai suna EF-EOS R tana isar da umarnin kai-tsaye, tunda mai kyamarar shi ne mai gilashin, kuma fokas da na'urar hana rawar hoto duk suna aiki yadda suka saba. Sau da yawa ma tsohon gilashi ya fi dacewa da inda ake so ya yi kaifi, domin marar madubi a kan sensar kanta take auna fokas. A kan Sony kuwa, adaftar tafinta ce tsakanin harsuna biyu. Adaftar kamfanin Metabones da MC-11 ta kamfanin Sigma su ne sanannu, sai dai Sigma gilasanta kaɗai ta yi alkawarin za su yi aiki yadda ya kamata. Idan hoton mutum a tsaye ne ko na shimfiɗar ƙasa, sakamakon yakan gamsar. Idan kuwa abu mai gudu ne, ko wuri mai ƙarancin haske, ko bidiyo, fokas yakan yi jinkiri ko ya riƙa kai-kawo, kuma abin yana sauyawa daga wannan gilashi zuwa wancan.

Gilashinka na 18-55mm an yi shi ne domin ƙaramar sensa ta APS-C, hoton da yake saukewa bai isa ya rufe babbar sensa ba. Idan ka ɗora shi a kan kyamarar RF mai babbar sensa, kamar R6 ko R8, kyamarar za ta yanke tsakiyar sensar da kanta, abin da zai rage bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, wato kyamara mai megafiksel 24 za ta ba ka wajen 9. A kan R7, R10 ko R50, masu ƙaramar sensa, ba a asarar komai, amma a can 50mm ɗinka zai nuna fili kamar na 80mm, saboda ninkin 1.6 na ƙananan sensocin Canon.

Masu gilasan Nikon su lura da wani abu: adaftar FTZ, mai ɗora gilasan F a kan mazaunin Z, tana tafiyar da fokas a gilasan AF-S da AF-P, amma tsofaffin AF-D, da ke dogaro da injin da ke jikin kyamara, sai dai a juya su da hannu.

A ganina, tunda 70-200mm shi ne mafi daraja a cikin kayanka, RF tare da adaftar Canon ita ce hanyar da ba ta da matsala. Abin da kawai zai sa in ce ka duba wani wuri shi ne gilasan da za ka saya nan gaba. Mazaunin E yana nan tun 2010, kuma Sigma da Tamron sun daɗe suna ƙera masa gilasai iri-iri. RF a 2018 ya fito, kuma sai a 2024 waɗannan kamfanonin biyu suka fara fitar masa da gilasai masu fokas da kansu bisa izinin Canon, da farko na APS-C kaɗai. Mazaunin L, wanda Leica da Panasonic da Sigma suka haɗu a kansa a 2018, shi ma yana karɓar EF ta adaftar MC-21. Wanda yake da niyyar sauya gilasansa duka a hankali yana da hujjar komawa Sony, amma ya ɗauki adaftar a matsayin abin wucin gadi.

Ko wanne ka zaɓa, ka gwada gilasanka a kan kyamarar kafin ka biya, ka sabunta manhajar kyamarar da ta adaftar idan tana karɓar sabuntawa. In za ka ɗora 70-200mm a kan ƙafar kyamara, ka ɗaure ta zoben gilashin idan yana da shi, domin nauyinsa kada ya rataya a kan adaftar da bakin mazaunin.