Me Ya Sa Cuta Ke Bin Ma'aikatan Asibiti Ɗaya Bayan Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto maka daga Gadarif, a gabashin Sudan. Ƙanwata nas ce a wani asibiti a nan. Cikin 'yan watannin nan abokan aikinta sun yi ta kwanciya bi da bi, wasu amai da gudawa, ɗaya kuma an gano tarin fuka ke damunta. Abin ya ɗaure mini kai, domin ai su ne masu gaya mana mu wanke hannu. Sakaci ne ko rashin kayan aiki? Mu da take dawowa cikinmu kullum kuma, me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba marasa lafiyar sauƙi, ya tsare ƙanwarki. Rashin kayan aiki gaskiya ne, ba mai musa shi a Sudan ta yau. Amma ko an cika sito da safar hannu da takunkumi, cuta za ta ci gaba da samun hanya muddin ba a duba yadda ake biyan ma'aikata, da yadda suke zama, da wanda ake sauraro da wanda ake rainawa ba. Sakaci kuwa, ban yarda a ɗora musu shi ba.

Ki fara da batun kuɗi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ma'aikatan lafiya da yawa sun yi watanni ba albashi. A watan Satumba na shekarar aka bayyana ɓullar kwalara a Gadarif, sannan da birnin Wad Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, a Disamba jama'a suka kwararo gabas, ɗakunan jinya suka cika suka batse. Nas da ta wayi gari da zazzaɓi ta san in ta zauna gida ba na cefane, kuma abokiyar aikinta za ta kwana ita kaɗai a kan ɗaki guda. Sai ta haɗiyi panadol ta fita. Da yamma ta zarce wani asibitin kuɗi don ta haɗa na abinci. Ta haka ƙwayar cuta ke tashi daga wannan gini ta sauka a wancan, a jikin mutuniyar kirki mai ƙoƙarin riƙe amana.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin hutun ma'aikata. A gefen gadon majinyaci kowa a ankare yake. Amma da hantsi ya yi aka kawo fatur, wato karin kumallo, sai a tuɓe takunkumi, a kewaye faranti ɗaya na wake da mai, kowa na tsoma burodinsa. Ɗakin ƙarami ne, an rufe taga saboda ƙura. Wayar da aka latsa a ɗakin masu gudawa ga ta nan a gefen farantin, kofunan shayi kuma a bokiti ɗaya ake ɗauraye su tun safe. Kwalara ta baki take shiga, ta abinci da ruwan da najasa ta taɓa. Tarin fuka ta iska yake tafiya, kuma ba abin da yake so kamar ɗakin da ba ya shan iska. Ga hanyoyin biyu sun haɗu a wuri guda, a lokacin da ba wanda ke tunanin cuta. Ba na cewa a daina cin abinci tare, wannan zumuncin shi ke riƙe da mutane a irin wannan zamani. A fitar da shi baranda ko ƙarƙashin bishiya, a aje sabulu, a zuba wa kowa ruwa daga buta, a daina tsoma hannu cikin kwano ɗaya.

Sai masu shara da wankin ɗaki, waɗanda in an kira bita ba a tuna da su. Su ke kwashe bokitin amai, su ke ɗaukar buhun da aka jefa allura a ciki. A wurin jinyar kwalara, ruwan kulorin kala uku ne: mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 na amai da bayan gida, mai kashi 0.2 na wanke daɓe da gadaje, mai kashi 0.05 na wanke hannu. Sau da yawa mai haɗa shi ba a taɓa zaunar da ita an nuna mata awon ba, da ido take kwatantawa. In allura ta soke ta kuma, sai ta matse yatsa ta yi shiru, don tsoron faɗa ko tsegumi. Alhali sukar allura daga mai ciwon hanta nau'in B na iya kama har mutum 30 cikin 100 na waɗanda ba su yi rigakafi ba, yayin da na HIV bai wuce kamar 3 cikin 1,000 ba, kuma shi ma akwai maganin kariya in an fara cikin awa 72. Shirun ne ke cinye wannan damar. Haka ƙaramar nas za ta ga babban likita ya bar gado zuwa gado bai wanke hannu ba, kunya da girmamawa su ɗaure mata baki. Wannan gyaran daga sama yake farawa, sai babba ya ce da bakinsa: in kun ga na manta, ku tuna mini.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. A 1976, da Ebola ta ɓulla a Nzara ta isa Maridi, wadda yanzu ke Sudan ta Kudu, asibitin Maridi ne ya zama cibiyar yaɗuwarta, ma'aikata da ɗaliban jinya da dama suka rasu wajen kula da marasa lafiya da junansu. Ko a Jidda, inda kuɗi ba matsala ba ne, cutar numfashi ta MERS ta kama ma'aikata da yawa a 2014 saboda cunkoso a ɗakunan gaggawa. Mu kuma muna da ƙarin 'yan dubiya da masu jinya da ke kwana a tabarma ƙarƙashin gado, suna wanke majinyaci da hannu tsirara. Mutum ɗaya ya isa jinya, a nuna masa wurin wanke hannu tun ranar farko.

A gida, kada ku ƙyamace ta, kada ku ware mata kwano. Ta tuɓe kayan aiki da takalmi tun daga zaure, ta yi wanka kafin ta ɗauki yara ko ta shiga madafa, a wanke kayan daban a shanya a rana. Ki tambaye ta ko ta cika allurar rigakafin ciwon hanta guda uku, in ba ta cika ba ta nema. Tunda ta yi zama da mai tarin fuka, ta je a duba ta, musamman in tari ya kai mako biyu, ko tana gumin dare, ko tana rama. Abokiyar aikin nata kuma a ƙarfafa mata gwiwa ta shanye maganin wata shida, domin da ta kama shansa yadda ya dace, cikin 'yan makonni haɗarin yaɗawa ke raguwa ƙwarai. Ranar da ƙanwarki ta tashi da gudawa ko zazzaɓi, ku haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ku ɗauke mata nauyin cefanen kwanakin, ki kira shugabar ɗakinsu da kanki ki shaida mata ba za ta fito ba sai ta warke.