Amsa ga Kawu Kan Jirgin Ruwan da Muke Kwana a Cikinsa

Kawu, ka tambayi dalilin da ya sa mu mazauna Finland muke kwana a kan ruwa idan za mu Sweden suna ko ɗaurin aure, alhali jirgin sama yana kai mutum cikin kamar sa'a ɗaya, ka kuma ce an gaya maka jirgin ruwan nan mashaya ne kawai.

Wanda muka fi shiga, Silja Serenade, a birnin Turku na Finland aka ƙera shi. Kamfanin Wärtsilä Marine da ya soma aikin ya karye a 1989, sai kamfanin Masa-Yards ya ƙarasa, jirgin ya fara jigila a 1990, tun 2006 kuma yana hannun kamfanin Tallink na Estoniya. Tsawonsa mita 203 ne, yana ɗaukar fasinja fiye da 2,800, ga ɗakunan kwana kusan 1,000, motoci kuma a ƙasa. Abin da ya fito da shi daban a zamaninsa shi ne titi mai rufin gilashi, kimanin mita 140, da aka ratsa tsakiyarsa da shi, shaguna da wuraren cin abinci dama da hagu, tagogin wasu ɗakunan suna leƙensa daga sama. Yakan bar Helsinki da biyar na yamma, ya isa Stockholm da hantsi.

Batun giya kuwa, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Da Tarayyar Turai ta soke sayar da kaya ba haraji tsakanin ƙasashenta a 1999, sai jirgin ya riƙa yada zango da dare a Mariehamn, babban birnin tsibiran Åland da ke tsakanin Finland da Sweden, domin tsibiran ba sa cikin wannan tsarin haraji, kuma cinikin nan yana cikin abin da ke sauƙaƙa kuɗin tikiti. Mu araharsa muke bi. Magidanci mai 'ya'ya yakan kama ɗaki guda, ya shigo da motarsa cike da kayan biki, uwargida ta riƙo dambun nama da cincin. In an je wurin abinci a tsaya kan kifi saboda gudun naman alade, a kuma koma ɗaki kafin kiɗa ya kankama.

Salla ce dai ke buƙatar lura, domin jirgin yana ta karkata tsakanin tsibirai, shi ya sa muke duba alƙibla a waya daf da kabbara, mu shimfiɗa darduma a ɗan filin da ke tsakanin gadaje, mu yi ta ɗaya bayan ɗaya.