Amsar Gwaggo Kan Kallon Fim ɗin Manya a Ɗakin Mai Jego

Assalamu alaikum 'yata. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya angon nawa, ina fata cibiyar ta warke sarai. Saƙonki ya iso ni tun daren Talata, na jinkirta ne don in samu natsuwar da zan amsa miki yadda ya kamata.

Kin ce idan dare ya yi, ke da maigidanki kukan kunna fim mai dogon zango na ƙasashen waje, irin wanda ake rubuta 18 a kusurwarsa, mai harbe-harbe da ashar da wuraren da ba su dace ba, yaron kuma yana kwance a gefenku, kwanansa ashirin da uku a duniya. Hajiya surukarki ta shigo ta tarar, ta ce ba a yin haka a gaban jariri. Maigidan ya ce ai yaro bai san komai ba. Ke kuma kina tambayata ko al'ada ce ta hana, ko kuwa faɗa ne kawai irin na tsofaffi.

Maigidanki yana da gaskiya a abu ɗaya, kuma ba zan tauye masa ita ba. Jaririn sati uku ba ya gane abin da ake yi a fim. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa a asibiti, na san idon ɗan jinjiri ba ya tantance abu sai wanda ke kusa da shi, kamar santimita 20 zuwa 30, wato daidai tazarar da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Talabijin ɗin da ke jikin bango, a wurinsa haske ne kawai ke wulgawa. Allah Ya faɗa a Suratun Nahli, aya ta 78, cewa Ya fitar da mu daga cikin iyayenmu mata ba mu san komai ba, Ya sanya mana ji da gani da zukata. Saboda haka ki cire fargabar cewa kin riga kin lalata masa tarbiyya. Ba ki lalata ba.

Amma ki lura, a ayar nan ji aka fara ambata. Kunnen jariri yana aiki tun yana ciki, ya san muryarki kafin ya san fuskarki. Na taɓa zuwa barka wani gida, mai jego tana kan kujera, ƙannen mijin sun cika falo suna kallon fim ɗin yaƙi, an ƙure murya. Jaririyar tana kwance cikin zani a kan tabarma. Duk sa'ad da aka yi harbi sai ta zabura, ta watsa hannuwa sama, yatsun a buɗe, sannan ta dawo da su ƙirji tana tsuke baki. Sau huɗu na ƙirga kafin na miƙe na ɗauke ta na shige uwar ɗaka. Wannan zaburar halitta ce, duk lafiyayyen jariri yana yin ta har wajen wata huɗu zuwa shida, amma yaron da ke buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a dare da rana, me zai sa mu riƙa katse masa shi da ƙarar bindiga? Gobe kuma a ce yaro yana da rigima, a fara neman rubutu da hayaƙi.

Kin tambayi al'ada. Kakanninmu ba su bar mana doka a kan talabijin ba, domin ba su san shi ba. Ni kaina da girmana aka buɗe gidan talabijin na CTV a Kano, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma a lokacin sai yamma ake fara shiri, dare na yi a rufe tasha kowa ya kwanta. Abin da suka bar mana shi ne yadda ake tafiyar da ɗakin mai jego. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Kwana arba'in mace tana wanka safe da yamma da ganyen darbejiya, tana shan kunun kanwa, ga tsohuwa a gefe tana gasa wa jariri cibiya, tana yi masa tausa. Ɗakin a rufe yake, ba hayaniya, ko mijin leƙowa yake yi ya gaisa ya fita. Ba duk abin da ke cikin al'adar nake goyon baya ba, domin ruwan da ya yi zafi ainun da kanwa mai yawa mun ga yadda suke kumbura mata su taɓa musu zuciya, ki sassauta su. Amma natsuwar ɗakin nan, wallahi ita kam gado ce mai kyau. Kuma ki tuna abin da aka fara sa wa yaron nan a kunne ranar da ya zo duniya: kiran salla. Hajiya da ta ji ashar tana tashi a ɗakin da aka yi wa jikanta huɗuba, dole ranta ya sosu. Ko ba ta iya kawo miki hujjar likita ba, abin da take karewa na gaske ne.

Abin da ya fi damuna ma ba fim ɗin ba ne, fuskarki ce. Idan kin ɗora shi a nono, ki duba ki gani, idonsa a kanki yake. Nan yake koyon mutum. Kina ce masa "a'a, sarkin ci, sannu sannu," yana jin yadda Hausa take hawa da sauka tun bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Idan ya kai wajen sati shida zuwa takwas da haihuwa zai yi miki murmushin farko na sani. Idan a lokacin idonki yana bango kina jiran ki ga wa za a kashe, haɓarki kawai zai riƙa kallo. Likitocin yara sun daɗe da lura cewa idan talabijin na kunne a ɗaki, ko ba yaron ake kunna wa ba, maganar da iyaye ke yi masa tana raguwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara ɗaya ba kada a ajiye shi gaban allo sam. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2016 ta ce a bari sai ya kai wata 18, in ban da gaisawa da dangi ta kiran bidiyo.

Sai abu biyu da nake roƙonki da girman Allah. Kada ki zauna kallo a kan kujerar falo da yaro a ƙirji alhali barci na fizgarki. Mai jego a gajiye take, barci ɓarawo ne, jariri kan zame ya shige tsakanin jikin uwa da kushin, numfashi ya toshe ba tare da ko kuka ba. Kina jin lumshewar ido, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa. Na biyu, idan an ɗauke wuta kuka tada janareto don kallon, ya kasance can nesa da taga da ƙofa. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ƙaramin huhu ta fi saurin kamawa.

Game da wuraren batsa kuwa, 'yata, wannan tsakaninku ne da Ubangijinku, da jariri a ɗakin ko babu shi. Umarnin runtse ido da ke Suratun Nur bai ce sai idan yara na nan ba. Lambar 18 ɗin nan masu tace finafinai ne suka sa don su nuna ba na yara ba ne, ba ta halatta wa babba komai ba. A surar nan dai, aya ta 58, aka ce a koya wa yara neman izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Addinin da ya kula da idon yaro haka, ina ganin ya riga ya nuna mana hanya.

Zan faɗa miki kuskurena. Autana a gaban talabijin na shayar da shi, ina cewa bai san komai ba. Wata uku na ce haka, wata tara na ce haka, ya shekara ban daina ba. Ranar da na farga, yana ɗan shekara biyu da wani abu, ya tsaya tsakar gida gaban baƙi ya maimaita wani zagi da ya ji a wasan kwaikwayo, har da nuna yatsa yadda ɗan wasan ya yi. Aka yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Babu ranar da yaro zai sanar da ke cewa daga yau ya fara ganewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan iccen ku ne, ke da maigidan, domin sabon da kuka yi yanzu shi zai tarar.

Ban ce ku jefar da talabijin ba. Na san zaman jego a birni da kaɗaici, ba kamar namu da gida cike da mata ba. Idan ya yi barci a uwar ɗaka, ku fito falo, ku rage murya, ku zaɓi abin da ba za ku yi saurin canzawa ba idan Hajiya ta yi sallama. Lokacin shayarwa kuma a kashe, har wayar hannu ki kife ta.

Ita Hajiya, gobe da safe ki je ki gaishe ta, ki ce kin ji maganarta kin gode. Kada ki tsaya kawo mata bayanin santimita. Maigidan kuma ki karanta masa wannan saƙon cikin lalama, ki ce inji Gwaggo, ina gaishe shi. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan shigo da yajin jego da man kaɗanya, ki ajiye mini angona a farke in gan shi.