Tambaya da Amsa: Shinkafa ta isa, wake ya ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa yayana manhajar shagonsa na kayan abinci da JavaScript. In mai saye ya rubuta "shinkafa & wake", shinkafa kaɗai ke isa uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar odar. Lambar waya kuma in ta fara da +234, sai ta iso babu +. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Uwar garken ba ta yi laifi ba, abin da ka aika mata ta karanta. A adireshin intanet wasu alamomi suna da aikinsu tun asali: ? ce ke buɗe sashen tambaya, wato ɓangaren adireshin da ke ɗauke da bayanan da ake aikawa, & ke raba bayani da bayani, abin da ya biyo bayan # kuwa ba ya ma barin burauza. To da ka manna rubutun mai saye kai tsaye, & ɗin nan ta ce zance ya ƙare, aka yar da wake. Ita kuma + a sashen tambaya yawanci sarari ake ɗaukarta, gadon tsarin aika fom ne.

Maganin na cikin RFC 3986 ta 2005, ƙa'idar rubuta adireshin intanet. Haruffan Turanci, lambobi da - . _ ~ ne kaɗai ke wucewa lafiya, sauran sai a mayar da su % da lambarsu: sarari %20, & ta koma %26, + ta koma %2B.

Mu Hausawa abin ya fi shafarmu, shi ya sa nake yawan nanata shi. Ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin waɗancan haruffa. A UTF-8, tsarin mayar da haruffa lambobi a kwamfuta, kowannensu lamba biyu (bayit biyu) yake ɗauka, don haka "ƙosai" kan zama %C6%99osai, ɗ kuma %C9%97. Ina jin takaici in ga mai manhaja ya cire lanƙwasa don gudun wahala, ƙasa ta koma kasa.

Ka sa encodeURIComponent, umarnin JavaScript da ke wannan sauyin zuwa %, a kan abin da mai saye ya rubuta shi kaɗai, sannan ka haɗa adireshin. Kada ka ruɗe da encodeURI, ita ba ta taɓa & da +. Ni URLSearchParams, mai haɗa sashen tambaya a JavaScript, na fi so, don da kanta take yin aikin.

Sau ɗaya kuma ake yin sauyin. In ka ga %2520 a adireshinka, an maimaita ne, % ɗin %20 ta koma %25. Ka nemo wuri na biyun da aka sake yin sauyin a manhajar ka cire.