Tambayar da ka tura, da dalilin da ya sa babu wanda ya amsa maka

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce kwana uku ke nan ka tura tambaya a Stack Overflow, shafin da masu rubuta kod ke tambaya da amsa, kan matsalar da ka samu a Python, yaren da kake rubuta kod da shi, ba wanda ya kula ka, wani ma ya zo ya rufe ta, kana tambayata ko dai masu wannan sana'a girman kai ne da su. Toh na je na karanta abin da ka rubuta. Cewa ka yi "kod ɗina ba ya aiki dan Allah a taimaka da gaggawa", sai hoton fuskar kwamfuta da ka ɗauka da waya, rabinsa haske ya cinye. Wallahi ko ni da nake zaune da kai kullum ba zan iya amsa wannan ba, balle wanda bai taɓa ganinka ba.

Wanda zai taimake ka ba ya ganin kwamfutarka. Bai san wace sigar Python ka saka ba, bai san Windows kake kai ko Linux ba, bai san me ka taɓa kafin abin ya lalace ba, kuma ba biyansa ake ba, mutum ne ya tashi daga nasa aikin ya ba ka minti biyar. In ka sa ya ƙarar da minti biyar ɗin wajen yi maka tambayoyi, sai ya wuce wajen wanda ya zo da bayaninsa a shirye.

"Ba ya aiki" ba bayani ba ne. Ka faɗi abin da kake so kod ɗin ya yi, da abin da ya yi maimakon haka, sannan ka kwafo saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce, ba hoto ba, domin rubutu ana iya kwafa a gwada, ana iya nemansa a Google, hoto kuwa sai dai a zura masa ido. Kuma kai ma ka karanta shi kafin ka tura. A Python layin ƙarshe ne yake faɗa maka irin kuskuren, na samansa kuma su nuna maka fayil da lambar layin da abin ya tsaya. Naka da na matsa hoton na duba, ModuleNotFoundError ne, yana cewa bai ga pandas ba, wato wani tarin kod da ake sakawa a Python don aiki da bayanai. Kai kuma ka rantse ka saka shi. Eh ka saka, amma Python biyu ne a injinka, pip, wanda shi ke saka irin waɗannan abubuwa, ya zuba a ɗaya kai kana gudu da ɗayan. Da ka rubuta python -m pip install pandas da Python ɗin da kake amfani da shi, da tuni an wuce wurin. Wannan tambayar an yi ta an amsa ta tun da daɗewa, shi ya sa aka rufe taka aka nuna maka tsohuwar. Stack Overflow tun 2008 Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe shi, kuma tsarinsa shi ne tambaya ɗaya ta zauna a wuri ɗaya da amsoshinta, ba wulaƙanci aka yi maka ba.

Sigar nan da nake ta nanatawa ba ƙaramin abu ba ce. Python 2 an daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020 amma har yau tsofaffin amsoshinta suna nan a intanet, yaro zai kwafo umarnin print irin na Python 2, wanda ba shi da baka biyu, ya zuba a Python 3 ta ƙi, ya zauna yana tunanin shi ne bai iya ba. Layi ɗaya da za ka rubuta sigar da kake kai ya isa ya raba wannan gardamar.

Abin da na fi so ka koya kuma shi ne rage kod. Kar ka juye wa mutane layi 400. Ka buɗe sabon fayil, ka ɗauko ɓangaren da ke ba da matsala kaɗai, ka yi ta cirewa kana gwadawa, ka cire ka gwada, har ya rage layi goma ko sha biyar da kowa zai iya ɗauka ya saka a nasa injin ya ga kuskuren da idonsa. Aikin yana da gajiya na sani, amma sau da yawa kana cikin cirewar nan za ka ga ka cire wani layi matsalar ta ɓace, toh ka gano ta ke nan da kanka, ba ka ma tura tambayar ba. Ni yawancin abin da na iya a gyaran kod a nan na koye shi.

Sai kuma ka faɗi ainihin inda za ka, ba hanyar da ka zaɓa kawai ba. Misali mutum zai tambaya yadda zai yanko haruffa uku na ƙarshen sunan fayil, alhali so yake ya san irin fayil ɗin, a ba shi amsa daidai da tambayarsa, gobe ya haɗu da .jpeg ko .html masu haruffa huɗu komai ya watse. Da ya faɗi manufarsa da an nuna masa os.path.splitext, umarnin Python da ke raba sunan fayil da ƙarshensa, tun farko.

Dan Allah kafin ka tura komai ka duba ko akwai kalmar sirri ko makullin API, wato lambar sirrin da kod ke shiga wata manhaja da ita, a ciki. Abin da ya hau intanet ko ka goge wani ya riga ya kwafa, in ya faru canja makullin za ka yi nan take. Kuma kar ka shiga ka ce "akwai wanda ya san Python?" ka tsaya jiran izini, yi tambayar kai tsaye. Kalmar gaggawa ma ka cire ta, ba ta sa a yi sauri.

In an ba ka amsa a taƙaice ba tare da lallashi ba kar ranka ya ɓaci, gwada abin da aka ce ka dawo da sakamako. In ta yi, ka rubuta ainihin abin da ya gyara, kar ka ce "na gyara nagode" ka tafi, akwai wani da zai zo bayan shekara biyu da irin matsalarka ya tarar da wurin babu komai.

Matsalar nan ta biyu da ka ce kana da ita ta karanta fayil ɗin CSV, wato fayil mai bayanai da aka raba da waƙafi, kar ka tura tukuna. Rubuta tambayar, ka rage kod ɗin, ka saka sigar da saƙon kuskuren, gobe in ka zo ka nuna min mu duba tare kafin ta fita.