Amsa ga Yayana na Kano kan Rawar Takalmin Ƙarfe

Yaya, bayan gaisuwa. Tunda a zauren dangi na WhatsApp ka yi tambayarka, inda kowa ya ji, ni ma a fili zan ba ka amsa. Da ka ga bidiyon rawar 'yata, ka ce me ya kai takwarar Inna sa takalmi mai ƙarfe tana dukan katako kamar 'yar Turawa. Ka ce ko uwarta ce ta fi ƙarfina. Ta ukun ba ka furta ba, amma na ji ta a muryarka: wai anya mu da muka daɗe a Bronx da sauran Hausanci a jikinmu kuwa?

Rawar nan da suke kira tap, in gado za a raba, kakannin uwarta, baƙaƙen Amurka, su ne ke da kaso mafi tsoka. A 1739 bayi suka yi tawaye a bakin kogin Stono, a South Carolina, suna tafe suna kaɗa ganga don tara 'yan'uwansu. Shekara na zagayowa, a 1740, aka kafa doka ta hana bayi ganga da ƙaho da duk abin da za a kira taro da shi. Sai mutane suka koma tafi, da dukan cinya da ƙirji, da buga ƙafa a ƙasa. Daga baya a nan New York, a wata unguwar talakawa da ake kira Five Points, baƙaƙen fata suka zauna ƙofa da ƙofa da baƙi 'yan Ireland, su ma masu tasu rawar ta buga ƙafa. Aka yi ta gasa, kowa na satar takun wani. A shekarun 1840 wani saurayi baƙar fata, William Henry Lane, mai laƙabin Master Juba, ya kayar da gwanin fararen, har a 1848 aka kai shi Landan yana wasa. Ban ce maka daga Kano aka kawo ta ba. Amma kai da ka sha kallon 'yan Koroso da abin kacau-kacau ɗaure a ƙafa, ba sai na koya maka cewa ƙafa na iya zama abin kiɗa ba.

Ni ma ba da saninta na zo ƙasar nan ba. Surukina ne ya buɗe mini ido, Allah ya jiƙansa. Haifaffen Harlem ne, ya musulunta tun kafin a haifi mai ɗakina, ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya. Ran da muka je neman aure da dattawan masallacinmu, bai ja mu da nisa kan sadaki ba. Da aka shafa fatiha aka watse, sai ya riƙe ni, ya jawo wani kwali cike da kaset na bidiyo, ya ce in zan ɗauki 'yarsa sai na san mutanen da suka haife ta. Na zaci hotunan dangi zai nuna mini. Ashe wani tsohon fim ne marar kala na 1943, Stormy Weather. Bai bari na kalli labarin ba ma, ya tura kaset ɗin can wajen ƙarshe.

Yaya, ka nemi wannan wurin a YouTube ka kalla kafin ka sake yi mini faɗa, bai kai minti biyar ba. Wa da ƙane ne, Fayard da Harold Nicholas. Cab Calloway na waƙa gaban makaɗansa, sai su taso daga cikin 'yan kallo, sanye da kwat mai jela. Su hau teburan makaɗan suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta kan mutane, babu wanda ya daina busa. Su hau kan piyano, mai piyano ya kaɗa su amsa masa da ƙafa. Sannan su haye wata ƙatuwar matattakala. A nan abin yake. Ɗaya zai tsallake kan ɗan'uwansa ya dira a mataki na gaba, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a miƙe sambal har cinya ta taɓa ƙasa. Ɗayan ya tsallake shi ya dira haka a na ƙasa da shi. Haka suke yi mataki bayan mataki har su sauko. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai ba faɗuwar ba ce, tashin ne: ba sa dafa ƙasa da hannu, ƙafafun kawai suke haɗewa su miƙe, suna murmushi, kiɗan bai kuɓuce musu ko da bugu ɗaya ba. Fred Astaire, wanda duniya ta fi sani a wannan fage, an ruwaito ya ce bai taɓa ganin rawar fim da ta kai wannan ba.

Yaran nan ba su shiga makarantar rawa ba. A Philadelphia suka tashi, uwarsu na kaɗa piyano, ubansu na kaɗa ganga a wani gidan wasa. Fayard ya riƙa zama yana kallon masu wasa, ya koma gida ya kwaikwaya, ya koya wa ƙanensa. A 1932 har sun fara wasa a Cotton Club na Harlem, Harold yana ɗan shekara 11. Gidan rawa ne a tsakiyar unguwar baƙaƙe, masu wasan baƙaƙe, amma kujerun 'yan kallo na farare ne. Surukina in ya zo nan a labarin sai ya yi shiru. A finafinai da yawa ma da gangan ake ware rawarsu ba ta haɗe da labarin ba, don in fim ya je jihohin kudu masu tacewa su yanke wurin ba tare da an lura ba. A 1948 da suka yi rawa a fim kafaɗa da kafaɗa da Gene Kelly, wani gwani farar fata, a birnin Memphis na kudu cire wurin aka yi. Ba da jimawa ba suka koma Turai neman abinci. Sai a 1991, sun tsufa, aka karrama su da lambar girma ta Kennedy Center.

Gwanin surukina kuwa ba su ba ne, Bill Robinson ne, wanda ake kira Bojangles. Shi ba ya tsalle-tsalle. A tsaye yake ƙyam, kan gaban tafin ƙafa, kuma takalminsa mai tafin katako ne, ba ƙarfe ba. Rawarsa ta hawa da saukar matattakala ita ta yi masa suna, kowane mataki da irin sautin da yake fitarwa. A 1935 ya yi ta a fim da Shirley Temple, yarinya farar fata, tana 'yar shekara shida, shi dattijo ya haura hamsin, kuma a matsayin baran gidansu ya fito, don irin matsayin da ake ba baƙar fata ke nan a lokacin. In an sa kaset ɗinsa, tsohon nan rufe ido yake yi. Na tambaye shi yaya za a kalli rawa ido rufe, ya ce wannan saurarenta ake yi. Da na gwada sai na ji abin da yake ji: dunduniya na ba da sauti mai nauyi, gaban ƙafa na ba da siriri, tsakaninsu ana jera magana kamar kalangu a hannun gwani. Robinson ya rasu a 1949 ba shi da komai, amma aka ajiye gawarsa a barikin soja na Harlem dubban mutane suka yi layi, aka tashi 'yan makarantar unguwar da rana tsaka don jana'izarsa. Ranar haihuwarsa, 25 ga Mayu, ita gwamnatin Amurka ta ayyana a 1989 a matsayin ranar wannan rawa. A irin wannan rana ce aka ɗauki bidiyon da ya tayar maka da hankali.

Ban hana fararen haƙƙinsu ba. Astaire akwai tsabtar aiki, kamar ba ya taka ƙasa. Eleanor Powell kuwa, a ganina, ta fi mazan zamaninta da yawa. Akwai rawar da suka yi da Astaire a 1940 kan daɓe mai sheƙi, inda makaɗa ke yin shiru a bar ƙafafunsu kaɗai suna magana, kuma ba ta bar masa tazarar taku ɗaya ba. Sai dai akwai fim na 1936 da Astaire ya shafa baƙi a fuska wai yana girmama Bojangles. Wannan wurin surukina tura shi gaba yake yi, ba ya cewa uffan. Ni ma haka nake yi yanzu a gidana.

To, batun uwarta ta fi ƙarfina. Wannan maganar ta fi yi mini ciwo, don ba yau aka fara ta ba. Tun ran ɗaurin aure ake kiranta "Ba'amurkiyar nan" a gidanmu, ba a kama sunanta. Matar da ta koyi tuƙa tuwo a hannun matan 'yan Kumasi na unguwarmu, ta yi jinyar Inna watannin da ta zo ganin likita, tana durƙusa mata da safe ba wanda ya sa ta. Inna da bakinta ta ce a sa wa jaririyar sunanta. Ba a saka wa mace irin wannan da cewa ta ajiye duk abin da ubanta ya bar mata a bakin ƙofa. Yaranmu dangi biyu gare su. Da kai ka auro Bafillatana ta koya wa 'ya'yanka fura da nono da Fulatanci, ban ji wanda ya ce ta fi ƙarfinka ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A cikin jama'armu ta nan, auren baƙaƙen Amurka musulmi ba baƙon abu ba ne, kuma mu mun san bambancin wanda ya yi don takarda da wanda ya yi don zama. Ku daga can duk kuɗin goro kuke yi mana. Mafi yawan masu jin Hausar da nake cuɗanya da su 'yan zangon Ghana ne, Kumasi da Nima, sai 'yan Nijar da Togo, mu 'yan Kano ba mu da yawa. Su sun riga mu sanin zaman baƙunci. Kakanninsu fataken goro sun zauna cikin Asante, sun auri 'ya'yansu, sun ci abincinsu, ba su bar salla ba, ba su bar Hausa ba. A wurinsu muka ga yadda ake yi. Suna sai daren Asabar muke taron shi a ɗakin haya, don ranar bakwai kowa na wurin aiki, amma ragon ran bakwai ake yanka shi. In an yi rasuwa kafin la'asar an haɗa kuɗin kabari. Yara na zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin nan ke ba da hutun Salla, kuma iyayen yaranmu na cikin waɗanda suka yi ta zirga-zirga har aka samu. Wannan duk ba ya shiga bidiyo, don ba wanda ke ɗaukar abin da ya saba gani kullum.

Kada ka zaci a nan ma kowa ya yarda da ni. Wani dattijo a masallacinmu ya tare ni ya ce rawa rawa ce, ko da wane takalmi aka yi ta. Ban yi masa musu ba, na faɗa masa yadda abin yake: ajin 'yan mata ne, malamarsu mace, 'yarka da dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali take zuwa, kuma sai an tashi daga Islamiyya. Rawa ce da ƙugu ba shi da aiki a cikinta, daga gwiwa zuwa ƙasa ake komai. Ya ce to in ta balaga fa? Na ce mun riga mun yi maganar da uwarta, daga lokacin ba hawa dandamali gaban maza, in tana so ta ci gaba a aji ko ta koya wa ƙanana. Uwar ce ma ta fara kawo sharaɗin, tunda kana son sanin wa ya fi ƙarfin wa.

Abin da ya ba ni dariya, Yaya, wai kai ne yau mai ƙyamar rawar fim. Wa ke haura katangar bayan gida ya tafi silimar Plaza a Fagge kallon Indiya, ya dawo yana karkaɗa kafaɗa a soro, ni kuma a ba ni gyaɗa don in yi shiru? Finafinanmu na Kano da rawa da waƙa suka tashi, ba wanda ya ce masu kallonsu sun fita daga Hausa. Bidiyoyin bikin da ake turo mana daga can kuwa, amarya da ƙawayenta a tsakiyar fili ana liƙi, maza na ɗauka da waya, ni nake ɓoye wa yarana su. Ban taɓa sa wannan a zauren dangi ba.

Na san Hausar takwarar Inna ba ta miƙe ba, tana mai da mace namiji in tana sauri, rabi laifin ƙasar nan rabi na ƙawayenta 'yan Kumasi. Ran da kuka yi waya kuka yi ta dariya, ta ajiye ta shiga ɗaki, ta yi mako ba ta yi mini Hausa ba. Wannan ya fi takalmin ƙarfe barazana ga Hausancinta. A watan da aka ɗauki bidiyon rawar ta kai izu biyar, na tura muku karatunta a zauren nan, mutum biyu suka ce masha Allah. Na rawar kuwa har waɗanda ban san suna zauren ba sun tofa albarkacin bakinsu.

In Allah ya kai mu hutun bazara ina so in turo ta wajenka ta yi wata biyu, ita da ƙanenta. Ka sa ta a makarantar allo ta unguwa, a kai ta Kurmi, a kai ta ƙauyen su Inna ta ga dangi. Za ta zo da takalmin, na riga na faɗa mata ba a soro ba, ba kuma lokacin barcin rana ba. Ka faɗa wa yaran gida su gyara mata Hausa in ta yi kuskure, amma ban da dariya. Kuɗin jirgi ni zan biya. A gaida su Yaya Babba da yara.